Kyamarar Aljihu Ko Mai Sauya Ido: Wacce Ta Dace Da Mai Koyon Ɗaukar Hoto?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a wannan zamani hoto ya shiga kusan kowane fanni na ilimi da na sana'a. Likita na dogara da shi, haka manazarcin tsirrai da na taurari, balle kuma ɗan jarida. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ɗalibin sakandare yana tara 'yan kuɗinsa da nufin mallakar kyamara, ko a ga shugaban makaranta ya danƙa wa malamin kimiyya wani abu ya ce a sayo wa ƙungiyar ɗalibai guda ɗaya. Da zarar mai saye ya isa kanti sai ya tarar da kaya iri biyu a gabansa. Ga wata 'yar ƙarama mai shiga aljihu, idonta a kafe yake ba ya cirewa. Ga kuma wata mai ɗan jiki, wadda ake iya kwance idonta a ɗaura mata wani. Mai kanti zai yabi kowacce, shi kuwa ɗan koyo bai san ma'aunin da zai auna su da shi ba.

Kuskure a wannan wuri yana da tsada, domin kuɗin kyamara kan kai abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a watanni, kuma makarantar da ta sayi wadda ba ta dace ba da wuya ta sake samun damar sayen wata nan kusa. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, duk wanda ya ƙudurci koyon ɗaukar hoto a matsayin ilimi ko sana'a, kyamara mai sauya ido ce ta dace da shi, ko da ta hannu ce, da sharaɗin ya tsaya a kan ido ɗaya har ya ƙware. 'Yar aljihu mai araha kuwa, wayar salula ta riga ta gaje aikinta. Akwai wuraren da wannan hukunci ba ya aiki, kuma za a kawo su da hujjojinsu.

Yadda Kyamara Ke Gani

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu da ke da 'yar kafa a bango ɗaya. Hasken da ya taso daga abubuwan da ke waje yakan ratsa kafar ya zana surarsu a kife a bangon da ke fuskantarta. Malamin nan Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin wannan al'amari tun kusan shekara dubu da suka wuce, kuma littafinsa Kitab al-Manazir na daga cikin tubalan ilimin haske. Abin da aka ƙara daga baya abu biyu ne. Na farko, an sa gilashi mai tattara haske a gurbin kafar, wanda shi ne idon kyamara. Na biyu, an samo hanyar adana surar don kada ta gushe, abin da Bafaranshe Nicéphore Niépce ya yi nasara a kai wajen 1826, bayan ya bar kyamararsa a buɗe na sa'o'i masu yawa.

Fiye da shekara ɗari ana adana hoto a kan faranti ko fim mai sinadarai. A 1969 Willard Boyle da George Smith na ɗakin binciken Bell a Amurka suka ƙirƙiro wani ɗan faranti na silikon mai juya haske zuwa lantarki, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel ta Fiziks a 2009. A 1975 injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta ɗigo 10,000 ne kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana shi a kaset. Irin wannan faranti mai kama haske, wanda masu sana'a ke kira sensa, shi ne zuciyar kowace kyamara ta yau, har da ta waya.

Rukunan Nan Biyu

Kyamarar aljihu ita ce wadda aka haɗa idonta da jikinta tun daga masana'anta. Yawancin masu araha suna da ƙaramin sensa, kuma su ke yanke wa kansu shawarar yadda za su ɗauki hoto. Aikin mai ita bai wuce ya saita ya danna ba.

Mai sauya ido kuwa jiki daban ne, ido daban. Ita ma ta kasu biyu. Akwai mai madubi, wadda aka fi sani da DSLR, inda wani madubi ke karkatar da haske sama zuwa 'yar tagar leƙawa, sa'annan ya ɗaga idan aka danna domin hasken ya isa ga sensa. Wannan iri ya shiga hannun talakawan masu sha'awa ne a 2003, lokacin da Canon ya fito da EOS 300D a kan farashin da bai kai dala 1,000 ba. Akwai kuma maras madubi, wadda Panasonic ya fara fitarwa a 2008 da sunan Lumix G1. A cikinta haske na zuwa ga sensa kai tsaye, mai ɗauka kuma yana kallon surar a wani ɗan allo na lantarki. Dukansu biyu suna da babban sensa, kuma suna sakar wa mai su linzami.

Girman Sensa Shi Ne Ma'auni Na Farko

Abin da mai kanti ba ya cika faɗa shi ne girman sensa, alhali kuwa shi ya fi kome tasiri a kan ingancin hoto. Sensar da ke cikin yawancin 'yan aljihu masu araha tsawonta milimita 6.17 ne, faɗinta 4.55, wato filinta kimanin murabba'in milimita 28, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Sensar da ke cikin yawancin masu sauya ido na 'yan koyo, wadda ake kira APS-C, tana da kimanin milimita 23.5 da 15.6, wato murabba'in milimita 367. Ke nan ta ninka waccan sau 13. Ta manyan ƙwararru, mai girman tsohon fim, milimita 36 ce da 24, ta ninka 'yar ƙaramar sau 30.

Muhimmancin wannan zai fito fili idan aka tuna cewa haske ba ya zuba kamar ruwan famfo. Yana sauka ne ƙwaya-ƙwaya kamar yayyafi, kuma masana na kiran ƙwayoyin nan foton. A ɗauka an ajiye ƙoƙo da daro a tsakar gida ana yayyafi na minti ɗaya. Abin da daro zai tara ya isa a auna ƙarfin ruwan da shi. Ƙoƙo kuwa wataƙila ɗigo biyar ya samu, wani ƙoƙon da ke kusa da shi ya sami tara, ba don ruwan ya bambanta ba sai don sa'a kawai. Haka abin yake a sensa. Ƙa'idar lissafi ta nuna cewa idan ɗigon sensa na sa ran ƙwayar haske 100, saɓanin da za a samu tsakaninsa da maƙwabcinsa kimanin 10 ne, wato kashi 10 cikin ɗari. Idan kuwa 10,000 yake sa rai, saɓanin kimanin 100 ne, wato kashi 1 cikin ɗari kawai. Wannan saɓani shi ne tsaki-tsakin nan da ake gani a hoton da aka ɗauka da dare ko a cikin ɗaki.

Da rana tsaka, lokacin da haske ya wadata, da ƙyar a bambance hoton 'yar aljihu da na babba. Amma bayan magariba, ko a zauren biki, ko a ɗakin gwaje-gwajen makaranta mai taga biyu, nan ne daro ke nuna wa ƙoƙo fifiko. Wannan hukunci ne na Fiziks, talla ba ta iya sauya shi.

Ruɗin Yawan Ɗigo

Lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce megafiksal, wato yawan ɗigon sensa a miliyoyi. Mutane da yawa sun ɗauka mai 20 ta fi mai 12 ko ta halin ƙaƙa, kuma a nan ne ake cin kasuwar ɗan koyo. Masu buga hoto kan nemi ɗigo 300 a kowane inci domin hoto ya fito tas. Bisa wannan ma'auni, hoton kati mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1,200 sau 1,800, abin da ya ɗara megafiksal 2 kaɗan. Cikakken shafin takardar A4 kuma bai kai ga buƙatar megafiksal 9 ba. Ashe ke nan kusan duk kyamarar da aka ƙera daga 2010 zuwa yau tana da ɗigon da ya ishi ɗalibi har da ragi.

Bugu da ƙari, idan aka cusa ɗigo miliyan 20 a ƙaramin sensa, aka kuma baza miliyan 20 a sensar APS-C, kowane ɗigo na babbar ya ninka na ƙaramar sau 13 a fili. Lambar kwali ɗaya ce, amma hasken da kowane ɗigo ke tarawa ya sha bamban. Don haka tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi ita ce girman sensa, yawan ɗigo ya biyo baya.

Abubuwa Uku Da Ɗalibi Zai Koya

Ma'auni na biyu shi ne ko kyamarar na barin mai ita ya sarrafa ta da hannunsa. Ilimin ɗaukar hoto ya ginu ne a kan abubuwa uku, kuma kowannensu darasi ne na kimiyya.

Na farko shi ne taga, wato kafar da ke cikin ido wadda ake buɗawa ko a tsuke. Ana auna ta da lambar f, wadda ake samu idan aka raba nisan da ido ke tattara haske da faɗin kafar. Alal misali, ido mai milimita 50 da aka buɗe tagarsa milimita 25 yana kan f/2. Lambobin suna tafiya kamar haka: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma kowane mataki na rage hasken da rabi. Ɗalibin da ya san lissafin filin da'ira zai gane dalili nan take, domin idan aka rage faɗin da'ira da kimanin 1.4, filinta na komawa rabi. Ban da yawan haske, taga ce ke hukunta abin da zai fito tas da abin da zai yi dishi-dishi. Idan aka buɗe ta sosai fuskar mutum na fitowa sarai, bayansa ya narke. Idan aka tsuke ta, na kusa da na nesa duk su bayyana. A ƙaramin sensa wannan bambanci ba ya fitowa sosai, saboda idonta gajere ne ƙwarai, kusan kome na fitowa tas ko an so ko ba a so ba. Ɗalibi zai karanta darasin a littafi, amma ba zai gan shi a hotonsa ba.

Na biyu shi ne ƙyaure, wanda ke buɗewa ya rufe don ƙayyade tsawon lokacin da haske zai sauka a sensa. Kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ya isa ya tsayar da doki a guje ranar hawan salla, har a ƙirga ƙafafunsa da ke sama. Kashi ɗaya cikin 30 kuwa zai mai da dokin nan wani zane mai ja. Idan aka kafa kyamara a kan matokari aka bar ƙyaure a buɗe na mintoci cikin dare, taurari za su ja layuka masu lanƙwasa a hoton, shaidar cewa duniya na juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Malamin Fiziks ko na Labarin Ƙasa ba ya buƙatar a gaya masa darajar irin wannan hoto a aji.

Na uku shi ne ISO, wato gwargwadon yadda ake ƙara ƙarfin saƙon lantarkin da sensa ta bayar. Ɗaga shi na haskaka hoto a wuri mai duhu, amma tsaki-tsaki na ƙara bayyana.

Gwanintar mai hoto ita ce daidaita waɗannan uku gwargwadon abin da yake son nunawa. Kusan kowace mai sauya ido, kome arharta, tana da gurbin M a kan maɓallinta, inda ake juya ukun da hannu. 'Yan aljihu masu araha da dama ba su da shi, wasu kuma sun binne shi a can cikin jerin umarni. Wanda na'ura ke yi wa tunani kullum zai iya tara hotuna dubu goma bai san dalilin da ya sa wani ya yi kyau wani ya lalace ba.

Abin Da Wayar Salula Ta Yi Wa 'Yar Aljihu

A da, 'yar aljihu ce matakin farko na kowane mai sha'awa. Tun daga 1995, lokacin da Casio ya fito da QV-10 mai allon kallo a bayanta, kasuwarta ta yi ta bunƙasa. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna cewa a 2010 kamfanonin ƙungiyar sun fitar da kyamarar dijital fiye da miliyan 120, kuma fiye da miliyan 100 daga ciki masu kafaffen ido ne. A 2023 jimillar ba ta kai miliyan 8 ba, masu kafaffen ido kuma ba su kai miliyan 2 ba. Shi kansa Casio ya bar wannan kasuwa a 2018.

Dalilin a bayyane yake. Sensar wayoyi masu matsakaicin farashi ta kamo ta 'yar aljihu mai araha a girma, wasu ma sun wuce ta. Daɗin daɗawa, waya na da kwamfuta mai ƙarfi wadda ke ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido ta haɗe su su zama ɗaya, ta haka take rage tsaki-tsaki. Saboda haka ɗalibin da ke da waya a aljihu, ya kuma kwashi kuɗi ya sayi 'yar ƙaramar kyamara mai araha, ya sayi abin da yake da shi ne a karo na biyu. Gara ya ci gaba da koyon tsara hoto da lura da haske a wayarsa, yana tara kuɗin har su kai ga abin da zai ƙara masa wani sabon ilimi.

Hujjojin Masu Goyon Bayan 'Yar Aljihu

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Hujja ta farko ita ce nauyi. Sony RX100 ta 2012 giram 240 ce, Nikon D3500 ta 2018 kuwa da idonta ta haura giram 600, ga kuma jaka. Kyamarar da aka bari a gida saboda nauyi ba ta koya wa kowa kome. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya san halinsa na ƙyuya ya kamata ya yi la'akari da shi. Har ila yau babbar kyamara na jawo ido a kasuwa ko a titi, mutane su daina abin da suke yi su tsaya kallon mai ita.

Hujja ta biyu ita ce ƙura, kuma ta fi shafar mazauna ƙasashen da hunturu ke busawa. Duk lokacin da aka kwance ido, cikin kyamara na buɗewa, ƙurar da ta sauka a sensa kuma za ta riƙa fitowa a matsayin tabo a kowane hoto. Matsalar ta kai har kamfanin Olympus ya fara sa na'urar karkaɗe ƙura a kyamararsa E-1 tun 2003, sauran kamfanoni suka bi sahu. Sai dai wannan hujja takobi ce mai kaifi biyu. 'Yar aljihu mai ido mai fita da komawa tana zuƙar iska duk lokacin da aka kunna ta, ƙura na bin iskar ta shiga, kuma babu hanyar share ta sai an warware kyamarar baki ɗaya. Ƙwayar rairayi ɗaya na iya maƙale idon, shi ke nan aiki ya tsaya. Mai sauya ido kuwa ana iya hure sensarta da ɗan famfon roba cikin minti ɗaya. Kuma ɗan koyon da ya tsaya a kan ido ɗaya ba shi da dalilin kwance shi a fili cikin buji.

Hujja ta uku ita ce jawo nesa kusa, kuma a nan ƙaramin sensa ya yi zarra. Faɗin surar wata a kan sensa kimanin kashi ɗaya cikin 110 ne na tsawon ido. Idon da ake sayar da yawancin masu sauya ido da shi yana tsayawa a milimita 55, don haka wata zai fito rabin milimita kacal, ɗan fari a tsakiyar baƙin fili. Nikon Coolpix P900 ta 2015, mai kafaffen ido da ƙaramin sensa, tana kaiwa milimita 357, inda surar wata ke haura milimita 3 a kan sensar da faɗinta bai kai milimita 5 ba. Wata na kusan cika hoton, har a ga ramukansa. Samun irin wannan a babbar kyamara sai da ido mai tsada da nauyi. To, wanda burinsa tsuntsayen dausayin Hadeja da Nguru ne, ko duban jinjirin wata, irin wannan kyamara ta fi masa, ko da yake girmanta ya wuce aljihu.

Hujja ta huɗu ita ce akwai masu kafaffen ido da ke da babban sensa da cikakken linzami, kamar jerin RX100 na Sony, da GR na Ricoh, da X100 na Fujifilm. Waɗannan kam ana iya koyon kome da su. Matsalarsu kuɗi, domin Fujifilm X100VI ta fito a 2024 a kan kusan dala 1,600, abin da zai sayi mai sauya ido ta hannu guda da dama.

Hujja ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, ita ce cewa gwaninta a idon mutum take. Shahararren mai hoton Nijeriya J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ne a 1950 da 'yar akwatin Brownie wadda kusan babu abin juyawa a jikinta, ya kuma zo ya bar wa duniya hotunan kitson matan Nijeriya kusan dubu, aikin da ya faro a 1968. Malick Sidibé na Bamako ma da Brownie ya fara. Babu mai musun wannan. Amma ya kamata a lura cewa matsayin da Brownie ta riƙe a wancan zamani, wato na'ura mai sauƙi da ke hannun kowa, waya ce ta riƙe shi yanzu. Kuma dukansu biyu, da suka shiga sana'ar sosai, sun koma ga kyamarorin da ake sarrafawa da hannu.

Tarkon Da Ke Jiran Mai Sauya Ido

Ita ma mai sauya ido tana da nata tarkon, wanda ya fi kama masu zumuɗi. Da yawa kan ɗauka cewa hotonsu bai yi kyau ba ne saboda rashin wani ido, sai su yi ta saye, jaka ta cika, gwaninta ba ta ƙaru ba. Idon nan na milimita 18 zuwa 55 da ke zuwa tare da kyamara ya ishi ɗan koyo shekara guda cur. Bayan haka, idan ya ga yana yawan aiki a wuri mai duhu ko yana ɗaukar fuskoki, sai ya nemi ido mai milimita 50 ko 35 da ke buɗewa zuwa f/1.8, wanda yana cikin mafiya araha a kowane kamfani. Idon farko idan aka miƙa shi zuwa 55 ba ya wuce f/5.6, don haka f/1.8 na shigar da hasken da ya ninka nasa kusan sau 10.

Sa'annan a sani cewa kowane kamfani da irin bakin da idonsa ke ɗaurewa. Idon Canon ba ya hawa jikin Nikon, kuma ko a kamfani ɗaya bakin mai madubi daban yake da na maras madubi, sai da mahaɗi. Wanda ya sayi jiki ya shiga dangi ke nan. Hikima ita ce ya duba irin da masu hoton garinsu suka fi riƙewa, domin a nan zai sami batir da caja da mai gyara, da kuma wanda zai ara masa ido ya gwada.

Tsakanin mai madubi da maras madubi kuwa, kamfanoni sun karkata ga maras madubi. Canon da Nikon sun buɗe sababbin jerinsu a 2018, kuma a 2020 yawan marasa madubi da aka fitar ya zarce na masu madubi. Wannan ya sa ƙwararru da yawa suka sayar da tsofaffin kayansu, masu madubi na hannu suka wadata. Ga ɗalibi wannan gaba ta kai shi. Akwai kuma batun wuta, domin tagar leƙawa ta mai madubi ba ta cin batir. Bisa ma'aunin CIPA, D3500 na ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, RX100 ta farko kuwa 330. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan bambanci ne da ake ji a jiki.

Kafin A Miƙa Kuɗi

Hausawa na cewa sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma kayan hannu sai da bincike. Mai saye ya nemi sanin sau nawa ƙyauren ya buɗe, domin ƙananan masu madubi galibi an auna ƙyaurensu ne a kan kimanin 100,000, kuma yawancinsu na adana wannan ƙidaya. Ya tsuke taga zuwa f/16 ya ɗauki farin bango, sa'annan ya faɗaɗa hoton ya duba tabo. Ya cire ido ya haska shi da tocila, idan ya ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashin, fumfuna ce da laima ta haifar, ya bar shi. Ya gwada kowane maɓalli, ya tabbatar batir na riƙe caji. Ya kuma ware wani abu daga kuɗinsa don katin ajiya da batir na biyu da jaka mai rufewa. Zuwa da wanda ya san kan abin ya fi zuwa shi kaɗai.

Ga makarantu, kyamara ɗaya mai sauya ido da matokari mai ƙafa uku sun fi 'yan aljihu uku amfani. Da ɗan mahaɗi ana iya ɗaura jikinta a kan madubin ƙara girma na ɗakin gwaji ko na hangen nesa, aji guda su ga abin da a da sai ɗaya bayan ɗaya ake leƙawa. Sai dai wajibi ne a damƙa ta ga malami ɗaya, a kuma kafa dokar cewa ba a kwance ido sai a cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Kammalawa

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai son hoton tunawa da 'yan'uwa da abokai, wayarsa ta wadatar da shi. Mai bin tsuntsaye da wata ya nemi mai kafaffen ido mai dogon zuƙo. Mai hali da ke ƙin nauyi ya sayi 'yar aljihu mai babban sensa. Amma ɗalibin da ke son sanin yadda haske ke zama hoto, ko matashin da ke fatan wata rana a kira shi ɗaukar biki ko aikin jarida, ya nemi mai sauya ido ko da ta shekara goma ce, ya juya maɓallinta zuwa M, ya riƙe ido ɗaya. Ya riƙa rubuta taga da ƙyaure da ISO na hotunan da suka yi kyau da waɗanda suka lalace, yana kwatantawa kamar yadda ake yi a ɗakin gwaji. Idan ya yi shekara guda a haka, shi da kansa zai san ido na biyu da yake buƙata, ba sai mai kanti ya gaya masa ba.